Habsu Mai Gadin Ciyawar Teku

Ina duƙe a gona da hauya, muna cikin noman fari, wayata ta yi ƙara da lambar wata ƙasa mai nisa. Wani mutum ne ya yi magana da Faransanci, ya ce shi abokin aikin yayata Habsatu ne, kuma Allah ya karɓi abarsa da safen nan bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye hauyar, na rasa ta inda zan fara gaya wa Inna, wadda ta shekara da shekaru tana fargaban ruwa zai ci mata 'ya.

Da na faɗa mata, sai ta kama hannuna ta ce, "Ruwan nan na yac ci ta, ko?"

Na ce, "A'a, Inna. Bisa gado tac cika, da kalmar shahada. Masuntan garin Musulmi na, su da mijinta sunka yi mata sutura."

Sai ta ce, "Alhamdu lillahi." Bayan haka ne ta yi kuka.

Har yau mutanen Garhanga na mamakin yadda 'yar Adar, ƙasar dutse da fako, ta zama masaniyar halittun teku. Ni ban yi mamaki ba. Tun muna yara, in an aike mu itace bisa tudu, ita tsintar wasu 'yan duwatsu masu kama da katantanwa take yi. Malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, ya gaya mata cewa a can zamanin da, teku ce kwance a inda muke tsaye. Daga ranar ba wanda ya sake hutawa da tambayoyinta, kuma karatu ya yi ta janta har wani tsibiri a Tekun Indiya.

Aikinta shi ne ta nutsa ƙarƙashin ruwa ta duba lafiyar murjani da ciyawar da ke tsirowa a gindin teku. Akwai wani fili da jiragen ruwa suka ƙwaƙule da ƙarafan da suke jefawa don su tsaya, har ya zama rairayi zalla. Ta zauna da masunta, suka yarda su canza wurin tsayawa. Ita kuwa ta kafa turaku a filin, kowane lokaci na shekara sai ta koma daidai gindinsu, ta aza wani ƙarfe mai kusurwa huɗu, ta duba abin da ya tsiro a cikinsa. Tana cewa ciyawar nan ce ke riƙe ƙasa, a cikinta ƙananan kifaye ke girma, kuma ita ke hana laka ta rufe murjani.

Ni kuwa ba na raga mata. Nakan ce, "Yaya, mu nan muna kashe kanmu wurin nome haki, ke kin tahi bangon duniya kina gadinai!" Sai ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai gara nata hakin, ba akuyar da ke shiga.

Bayan rasuwar Baba, gonarsa ta kan gangare ta zama fako. Ruwa in ya sauka sai ya wuce da gudu, ya tafi da ƙasar. Da Habsu ta zo gida bayan kaka, ta ɗaura zane ta ja ni can, muka jera duwatsu layi-layi kamar yadda iyayenmu mata suka yi a zamanin gyaran ƙasa. Ta kafa turke, ta ɗaure kara huɗu ta yi irin ma'auninta na teku, ta ce kowace damina in aza shi nan in ɗauki hoto in aika mata. Ta ƙara da gargaɗi, don ta san hannun manomi: "Duk hakin da yat tsiro bayan duwatsun ga, kak ka taɓa shi."

Damina ta bi damina ina aika mata hoton ƙasa tsirara, maƙwabta na yi mini dariya, wai ƙato da gemu yana jiran ciyawa. Ita kuma ta aiko mini da hoton rairayinta, ta ce, "Ka gani, nawa ma bai fi naka ba." Abin da ta fi maimaitawa shi ne, wuri ba ya mutuwa sai ranar da aka daina zuwa duba shi.

Da ranin da ya wuce na gaji. Na gaya mata zan bar gonar, in bi samari ci-rani Aljeriya, ko da hakan na nufin barin Inna ita kaɗai da tsufanta. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Illa, ba ni damana guda. In babu komi, ni da kaina zan sa maka albarka ka tahi." Wannan daminar ce ba ta ga ƙarshenta ba.

Da masu ta'aziyya suka ragu, na hau gangaren da karan nan huɗu. Ƙasa ta taru a bayan duwatsun. Na aza ma'aunin a gindin turke, sai ga ciyawa shar a cikinsa, har da ɗan tsiron kalgo. Na ɗauki hoto kamar kullum, sannan na tuna babu mai jiransa. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar farko.

Na aika wa abokin aikin nata hoton. Ya maido mini da hoton ƙarshe da ta ɗauka: filinta ya yi kore, ga kunkurun teku yana kiwo kusa da turkenta. Ba zan tafi Aljeriya ba. In 'yarta Maryama ta zo ganin kakarta, zan kai ta gonar ta aza karan da hannunta.

Allah ya jiƙan Habsatu, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta a can bakin tekun da ta so. Allah ya sa abin da ta raya a ruwa da tudu ya zame mata sadaka mai gudana. Allah ya ba Inna da mijin Habsatu haƙuri, ya raya Maryama bisa imani, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da kyau. Amin.