Manang Perlita, Mai Mayar da Garuruwa Kan Taswira

Kafin motocin haya su cika titunan Iloilo, Manang Perlita Gallenero ta riga ta zauna a kujerarta, ga kofi a gefe, ga burodin pandesal mai zafi a leda. Ba ta buɗe saƙon kowa sai ta fara buɗe taswira. Kamfaninmu magunguna yake rabawa ƙananan shaguna da ɗakunan shan magani, kuma kowane wuri da muke kai wa kaya yana da ɗigo a taswirar da manhajar rahoto ke zanawa. Da wannan taswira manya suke tsara inda mota za ta bi da inda jirgin ruwa zai tsaya. Aikin Manang shi ne ta tabbatar babu ɗigon da ya ɓace. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, bayan shekaru ashirin da 'yan kai.

Wanda bai san manhajar ba sai ya ɗauka tana da wayo. Ranar da na fara aiki a ƙarƙashinta, na haɗa rahoto ina ta jin daɗi, sai ga shagonmu na San Isidro ya faɗa can Ajantina.

Manang ta leƙo ta saman tabarau. "Inday, yaushe muka buɗe reshe a ƙasar waje ba a gayyace ni biki ba?"

"Manang, ni dai sunan na rubuta daidai."

"San Isidro nawa ne a duniya? Ko a lardin nan ba ɗaya ba ne. Faɗa mata gunduma, faɗa mata lardi, faɗa mata ƙasa. Kamar baƙo take, sai an yi mata kwatance."

Haka take koyarwa, da dariya. Idan aka juya lambobin wuri, waɗanda ke nuna inda gari yake a taswira, na gabas ya zauna a gurbin na arewa, ɗigo ya ƙi fitowa, sai ta ce an saka wa gari takalmin hagu a ƙafar dama. Ban taɓa jin ta kira wani daƙiƙi ba.

Abin da mutane suka fi tunawa shi ne maganar Santo Niño, wani ƙauyen masunta a ɗan tsibiri can arewa. Wata shekara aka sauya manhaja. A wajen kwashe bayanai, 'yar hular da ke kan harafin n ta rikiɗe ta zama wasu alamomi marasa ma'ana, manhaja ta kasa gane sunan, ta yi shiru ta bar ƙauyen a waje. Manya suka duba taswira, suka ga teku fayau babu ɗigo, suka ce jirginmu ya daina bi ta nan daga wata mai zuwa. Babu wanda ya yi mugunta. Abin da suka gani ke nan.

Manang ta duba allon, ta ce, "Ina Nang Delia?"

Nang Delia Bantillo ita ce ungozomar tsibirin, mai kiran ofis duk wata tana neman maganin hawan jini da na masu ciki. Manang ta gyara harafin, ɗigo ya fito, amma a wani Santo Niño na kan tudu. Ta ƙara sunan gunduma, ya koma tsakiyar gundumar, nesa da ruwa. Sai ta je wurin manajanmu ta yi masa bayani. Nan take ya dakatar da sokewar, ya ce ta kawo lambobin wurin.

Ta bi jirginmu da Nong Berting ke tuƙawa da kanta, ita da ko lilo ba ta hawa. Har yau shi ke ba da labarin.

"Tun ba mu bar gaɓa ba ta rungume bokiti. Na ce, Manang, mu juya? Ta ɗago ido jajur ta ce, Berting, ka juya in kai ƙararka wurin matarka."

Ta sauka tana tangaɗi, ta tsaya a ƙofar ɗakin shan magani, ta ɗaga waya ta ɗauki lambobin wurin. Nang Delia ta fito da jariri a hannu tana tambayar ko lafiya.

"Lafiya lau. Na zo in tabbatar kuna nan ne."

"Muna nan mana! Ina za mu je?"

Suka yi ta dariya, aka gasa mata kifi, ta ci kaɗan don tsoron hanyar komawa. Jirgi bai fasa zuwa ko sau ɗaya ba. Daga nan ta roƙi direbobi duka, kowa ya tsaya a ƙofar wurin da ya kai kaya ya turo mata lambobi. Sun yi ƙorafi, sun yi mata tsiya, amma sun turo. Yanzu ko sunan gari ya lalace, ɗigonsa na nan.

Manang, ke ce mai ƙirga mutane ba ɗigo ba. Ke ce kika koya mana cewa idan wuri ya yi fayau a taswira, a fara tambaya kafin a yanke hukunci. Uwar garuruwan da aka manta, sannu da aiki. Mun gode da haƙurinki, da tsiyarki, da ƙofarki da ba ta rufuwa. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi a cikin jikokinki.

Ku kuma 'yan'uwana masu zama gaban allo, a asibiti kuke ko a banki ko a ma'ajiyar kaya, ku ɗauki halinta. Kafin ku tura rahoto gobe, ku tsaya ku tambayi kanku wa ya kamata a gani a nan amma ba a gan shi ba, sannan ku tashi ku nemo shi.