Sunansa Ba Mai Binne Ba Ne

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar maigidana, amma har yau in na shiga motar Gagarawa daga Gumel ba na rasa mai zungurar na kusa da shi ya ce, "Matar Mai Binne ce." A hankali suke faɗa, sai ka ce kurma ce ni. To ina ji, kuma yau zan ba da amsa.

Malamin darasin noma ne a wata sakandare a ƙasar Gagarawa. Ni "Malam" nake ce masa. Na taso ban taɓa jin mahaifiyata ta kama sunan mahaifinmu ba, ni ma tun ranar da aka kai ni gidansa har ranar da aka fitar da shi, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba.

A bayan garin da yake koyarwa akwai fadama mai tafki, wanda ke riƙe ruwa har tsakiyar rani. An hana saran itace da harbin tsuntsu a wurin, shi ya sa za ka ga kirinjijiya da zalɓe suna sha'aninsu cikin bado. A gefenta masu lambu ke noman tumatir. Malam ya fi son fadamar nan da ɗakinsa, na sha gaya masa haka, ya sha yin dariya bai musa ba.

Wata rana ya dawo daga kasuwar Maigatari da ruɓaɓɓen tumatir a leda, yana ta murna kamar wanda aka yi wa kyauta. Ya ce a kwandunan da manyan motoci suka sauke ya tsince shi. Ya nuna min wata 'yar tsutsa a ciki, ya ce uwarta faɗa-wuta ce, ƙarama, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, kuma baƙuwa ce daga wata nahiya. Murnarsa ta gano ta ce, amma ya ce in ta isa fadamarmu, masu lambu za su yi kuka. Ita ce wadda yanzu kowa ke kira sharon.

Ya gaya wa masu lambu, suka ce Allah ya kiyaye, suka ci gaba da ban ruwa. Sai ya koma kan ɗalibansa. Ya taɓa gani a waya wani wasa da ake yi a wasu ƙasashe: a ɓoye ɗan akwati a daji, a ba mutane lambobin wurin, su bi taswirar waya har su gano shi. Ya raɗa masa suna farautar gwangwani. Ya kwashe min gwangwanayen madara da nake zuba kanwa da daddawa, a kowanne ya sa 'yar kwalba da busasshiyar faɗa-wuta a ciki, da ganyen tumatir da tsutsar ta yi wa zane, ya ɗaure da jan zaren da ya ɗauka a kwanon ɗinkina. Ya kuma zana gidaje irin na dara a takarda ya cika su da lambobin inda gwangwani na gaba yake. Wasu ya cusa a kogon gawo, wasu ya tona ƙasa kaɗan ya rufe. Duk Asabar ɗalibai na bin wayarsa cikin taɓo, suna rige-rigen tonowa, shi kuma yana koya musu yadda ake gane ganyen da ya kamu.

Da ranin ya zagayo, sharon ta sauka. Lambun da ka gani kore shar ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar ya zama kamar an babbake shi. Mutane sun tafka asara, wannan ban taɓa musunsa ba. A cikin wannan baƙin cikin ne Alhaji Buba, babban masu lambun, yana gyaran hanyar ruwa fartanyarsa ta daki gwangwani. Ya buɗe ya ga kwalba, mataccen ƙwaro, jan zare, da takarda mai gidaje cike da lambobi. Duk wanda ya taso a ƙasarmu ya san abin da zai fara zuwa masa a rai: hatimi ne, sammu aka binne.

Zargin farko ban riƙe kowa da shi ba. Abin da ya biyo baya ne ya tsaya min a rai. An kira Malam ƙofar mai gari, ya zo da wayarsa da ɗalibansa, ya bi da dattawa gwangwani bayan gwangwani, yana nuna musu. Kowanne aka tono, maimakon ya wanke shi sai ya zama ƙarin shaida a kansa. Alhaji Buba ya ce, "Malam, in karatu ne, me ya kai shi ƙarƙashin ƙasa? Kuma ya aka yi ka san za ta zo tun ba ta zo ba?" Gargaɗin da ya yi musu shi ne ya koma laifinsa. Iyaye suka hana 'ya'yansu shiga ajinsa, aka mayar da shi wata makaranta a ƙasar Sule Tankarkar, sunan Mai Binne ya riga shi isa can. Da hawan jini ya kwantar da shi har ya tafi, a wurin zaman makokinsa na ji wata na cewa abinsa ne ya koma kansa.

Yanzu fa? Yanzu rediyo na bayanin sharon, malaman gona na rataya tarkon faɗa-wuta a lambuna, yaro ma ya san ƙwaro ne ba asiri ba. An ce Alhaji Buba da kansa ke juya ganye yana nuna wa matasa zanen tsutsa. Ba wanda ya tako ya ce mun yi kuskure. Gaskiyar an karɓe ta, mai ita kuwa an bar shi da sunan da aka laƙaba masa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana raye. Na san shi, daɗi zai ji cewa an gane, kuma wannan haƙurin nasa na cikin abin da ke ƙara ƙona min rai. Abin da zai dame shi shi ne fadamar, yadda ake feshin magani ba awo ana wanke tankin a tafki, har kukan kwaɗi ya ragu, tsuntsayen da yake ƙirgawa suka yi ƙaura. Da ya sake tara gwangwanaye, da na sake yi masa faɗa a kan kanwata.

Watan jiya aka yi sallama a ƙofar gidana a Gumel. Alhaji Buba ne, ya tsufa, riƙe da leda nesa da jikinsa. Ruwan tafkin ya ja baya, ya tsinci gwangwani ɗaya da ba a tono ba a wancan lokacin, duk ya yi tsatsa.

Ya ce, "Malama, ga ajiyar Mai…" sai ya haɗiye sauran. "Ajiyar marigayi."

Na ce, "Wane marigayin, Alhaji? Faɗi sunansa."

Ya dubi ƙasa, ya dubi ledar, ya motsa baki. Ba taurin kai ba ne, na ga yana laluben sunan da gaske. Ya manta. Mutumin da ya koyar da 'ya'yansa, wanda ya sa aka kora daga garin, bai san sunansa ba sai wanda shi ya raɗa masa.

Na karɓi ledar, ya tafi. A ranar na gane cewa garin ya yar da sunan, ni kuma da ke riƙe da shi kunya ta hana ni furtawa. Kwalbar na nan a kan teburina, faɗa-wutar ta zama gari, jan zarena ne kawai bai canza ba. Abin da ya koyar ya tabbata a kowane lambu, ko an ambace shi ko ba a ambace shi ba. Saura abu ɗaya, kuma ba mai yin sa sai ni. Mahaifiyata ta yafe min, shi ma Allah ya jiƙansa ya yafe min. Sunansa Hamisu.