Injin da Kawu Wiebe Ya Kasa Haɗawa

Shekara talatin da ɗaya, duk wanda ya bi ta layinmu a garin Harlingen na bakin teku da ƙarfe bakwai da rabi na safe zai tarar da rumfar bayan gidan Wiebe Zijlstra a buɗe, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Yana zaune a kan tsohon akwati, kofi a gefe, burodi da cuku a naɗe cikin takarda, rediyo tana faɗin yanayin teku ƙasa-ƙasa. A kan teburinsa kuwa ba a rasa injin ƙaramin babur, irin wanda masu kai wasiƙa da mu ma'aikatan jinya muke hawa. Ba shago ba ne, ko allo babu. Injin jirgin ruwa yake gyarawa a da, har ciwon baya ya zaunar da shi a gida, ya ci gaba da abin da hannunsa ya sani. Kawu muke ce masa duk layin.

Ba ya gaggawa. Sai ya tsiyaye baƙin mai, ya cire fulogi, ya kwance notuna ɗaya bayan ɗaya, yana jera kowanne a kwalin ƙwai yadda ya fito. Hidde mai kai wasiƙa har yau yana ba da labarin baburinsa da aka ce masa ya jefar. Kawu ya saurari ƙararsa kaɗan, ya ce boris ɗaya ne ya ci, kuma da aka buɗe hakan aka tarar.

Ni ma shaida ce. Sunana Aukje, aikina bin tsofaffi gida-gida ina jinyarsu. Wata shekara cikin tsananin sanyi injina ya buga a hanyar bakin teku, ga wata tsohuwa mai ciwon suga a can bayan gari da dole in yi wa allura kafin takwas kowace safiya, bas kuma ba ta zuwa wurin. Na turo babur ɗin har rumfarsa ina haki.

"Yarinya, yaushe rabon da ki zuba masa mai?" in ji shi. A lokacin na haura arba'in.

Na ce na manta.

"To ai ba mutuwa ya yi ba, kashe shi kika yi. Ke da kike wa mutane faɗa a kan shan magani."

Ya ba ni aron wani babur da ke jingine a bango, ya ce in tafi kada tsohuwar mutane ta yi jira. Kwana huɗu ya yi yana kan injina. Fistan ya ƙone, ringi ya karye, ya gyara silinda ya mayar da komai. Shekara tara na ƙara hawansa.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ba shi da daɗin faɗa. Shekara biyar da suka wuce wasu maƙwabta suka kai ƙorafi a taron mazauna layi, wai hayaƙi da ƙarar gwajin inji sun ishe su. Ina zaune a wurin da rigar aikina. Wadda ta jagoranci ƙorafin katanga ɗaya ce tsakanina da ita, ban so mu ɓata ba. Shugaban taro ya tambaya ko akwai mai magana. Kawu yana can baya, hularsa a gwiwa. Na sunkuyar da kai. Aka yanke cewa kada a ƙara tayar da inji a cikin layi.

Bai yi musu ba. Daga ranar, duk injin da ya gama haɗawa, sai ya tura babur ɗin da ƙafa har bakin tashar jiragen ruwa, tafiyar minti ashirin, da wannan bayan nasa, can zai buga kik. In bai tashi ba ya sake turo shi gida. Na sha hango shi ta taga. Washegarin taron ya gaishe ni kamar kullum, kuma wannan gaisuwar ce ta fi ƙarfina. Na sayi babur mai lantarki, na canza hanya, na shekara biyar ban taka rumfarsa ba.

A bazarar bana na haɗu da 'yarsa Nynke a kasuwar Asabar. Ta ce hannun babanta ya kamu da rawa, likita ya ce ba warkewa. Ya kwance injin baburin mahaifiyarta marigayiya don ya sabunta shi ya ba ita Nynke, sai haɗawa ta gagara. Wata uku kayan suna baje a teburin kicin, yana cin abinci a tsaye, ya hana kowa taɓawa.

Na je. Na same shi da sifana a hannu, tana ƙwanƙwasa teburi ita kaɗai.

"Zauna, yarinya," ya ce. "Hannuwan nan sun yi ritaya ba su yi shawara da ni ba. Naki fa, suna aiki?"

Asabar biyar muka yi. Shi yana faɗa, ni ina yi. Na karya ringi ɗaya saboda matse shi da na yi da ƙarfi, ya tambaye ni ko haka nake wa mutane allura. Na sa gaskit a juye, ya bar ni na ɗaure notuna duka kafin ya gaya mini, wai don kada in manta. A Asabar ta huɗu, ina tura fistan cikin silinda, idona a kan aikin, na ce masa ina wurin taron nan kuma ban buɗe baki ba.

"Na gan ki," ya ce. "Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Ke nake jira ki tashi." Ya nuna fistan ɗin. "Riƙe shi daidai, zai karkace."

Ranar da muka gama na ce mu tayar da shi a nan tsakar gida, duk mai jin haushi ya zo ya same ni. Ya ƙi, ya ce abin da aka yanke an yanke. Ni na tura babur ɗin, shi da Nynke suna biye a hankali har bakin tasha. A bugu na uku ya tashi. Kawu ya dafa kujerar, ya daɗe yana sauraro, sannan ya ce kafireta na son a ɗan juya ta kaɗan. Nynke ta juya mana baya tana share ido. A ƙarshen watan ya raba kayan aikinsa, ya rufe rumfar.

Kawu Wiebe, kai ne ka sa wasiƙu suka isa, allurai suka zo a kan lokaci, ba tare da waɗanda suka amfana sun san sunanka ba. Kai ne gwanin da ba ya raina ƙaramin inji ko ƙaramin mutum. Mun hana ka tsakar gidanka, ba ka hana mu hannunka ba. Na gode, kuma ina neman afuwa a gaban jama'a, inda ya kamata in tsaya maka tun farko.

Masu sana'a, ku koyi haƙurinsa da tsabtar aikinsa. Sauranmu kuwa, mutumin yana nan da ransa, gida mai koren ƙofa a ƙarshen layi, kuma yana son baƙi da hantsi. Ku je yanzu. Ni na makara da shekara biyar, shekarun da hannunsa ke da sauran ƙarfin da zan riƙe in yi godiya.