Shekara Biyu Ina Amsa Sunan Likita

Assalamu alaikum, ma'aikatan wannan mujalla da masu karatu. Na daɗe ina juya wannan labari a raina, yau dai na ga ya kamata in rubuto shi, kuma ba zan kama sunan kowa ba.

A shekarun da salula ta fara shiga ƙauyukanmu, ni ma'aikacin jinya ne mai shekara talatin da ɗaya, ina aiki a gidan likita na wani gari mai kasuwa a yankin Illela. Ina da hannu mai kyau, ba na neman jijiya sau biyu, kuma na san haka har sanin ya yi mini yawa. Mu uku ne a wurin: ni, da wata ungozoma dattijuwa da muke ce wa Inna, da likita guda, lokotoro na ainihi da ya yi karatunsa a Yamai. Duk ƙauyukan kewaye, a kan amalanke da babur, wurinsa suke zuwa.

Wata shekara abokin karatunsa ya samo masa aiki a wani asibiti a Faransa. Ya yi wata da watanni yana jinkiri. Wata rana bayan la'asar ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya nuna mini takardar, ya ce abin da ke tsayar da shi shi ne mutanen nan, bai san hannun wanda zai bar su ba. Ni kuwa na ce masa ya tafi. Na lissafa masa abokan karatunsa da suka riga shi fita, na tuna masa ranakun da yake gane ciwo amma babu kayan da zai yi aiki da su, na ce ƙuruciyarsa za ta ƙare a nan ba wanda zai gode masa. Har na buga ƙirji na ce zan riƙe wurin kafin a turo wani. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma ba don shi na faɗa ba. Kujerarsa nake so.

Ya tafi lokacin kaka. Aka ce mana za a turo madadinsa nan da wata uku. Wata uku ya zama shekara, shekara ta zama biyu, domin a sama ma ba su da wanda za su turo. Na koma buro na zauna. Mutane suka fara ce mini likita da irin muryar da suke ce masa, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Da farko ina tura duk abin da ya fi ƙarfina zuwa babban asibitin da ake fiɗa. Daga baya sai na fara jin kunyar turawa, kamar in na tura mutum gaba na yarda cewa ni ba kowa ba ne.

Ranar wata kasuwa da hantsi aka kawo mini wani manomin albasa daga wajen Badagishiri, mutum ƙaƙƙarfa mai shekara kamar arba'in. Yayansa ne ya kawo shi. Ya yi mako biyu yana zazzaɓi, kuma tun asuba ciki ya murɗa masa, yana amai. Na duba na ce taifot ce, na sa masa ƙarin ruwa da allurai, na kwantar da shi. Inna ta zo wucewa ta ɗora hannu a cikinsa, ta ja ni gefe ta ce cikin ya yi tauri kamar katako, kuma ta tuna duk mai irin wannan ciki likita ba ya bari ya kwana a nan. Na ce mata ta koma wajen masu haihuwarta. Ta dube ni ta wuce.

Washegari yayan ya tsaya a ƙofar buro, ya cire takalmi, ya ce, "Likita, ko mu kai shi gaba? Akwai motar da ka tahiya Tawa da azahar." Na ce masa magani ba ya aiki rana ɗaya, su yi haƙuri. Ya ce to, tunda ni na faɗa. Wannan "to" ɗin har yau ina jin ta.

A rana ta uku da safe na tarar cikin ya kumbura, idanunsa sun faɗa, jikinsa ya yi sanyi. Nan na san na yi ɓarna. Na rubuta takardar turawa, na samo mota na shiga da kaina ina riƙe da ledar ruwan har muka isa asibitin Tawa. Likitan fiɗa guda ɗaya ne a wurin, kuma mutum huɗu suna gabanmu. Da ya taɓa cikin sai ya sa aka shiga da namu nan take. Hanji ne ya huje, ƙazanta ta cika ciki. Bayan ya fito ya tambaye ni wa ya riƙe mutumin kwana biyu. Na ce ni ne. Na zaci zai zage ni. Sai ya zauna a kan benci yana cire safar hannu, ya ce a ajinsu su da yawa suka gama, yau waɗanda suka rage a ƙasar zai iya ƙirga su da yatsu, kuma kowane mako ana kawo masa irin wannan daga inda aka bar ma'aikacin jinya shi kaɗai. Ya ce rashin sanin fiɗa ba laifina ba ne, laifina shi ne na ƙi faɗin ban sani ba.

Mutumin ya rayu, alhamdu lillahi, amma sai da aka shiga cikinsa sau biyu. Ya yi kusan wata biyu a kwance, albasarsa ta bushe a fadama, kuma har yau ba ya iya ɗaga buhu. Da aka sallame shi na hau babur na je gidansu. A zaure, gaban yayansa da maƙwabta, na ce musu ni ba likita ba ne, ma'aikacin jinya ne, kuma da na saurare su tun da wuri da wahalar ba ta kai haka ba. Sai yayan ya ce, "Malam, mu ba mu san bambanci ba, farar riga muka gani. Mun yahe maka. Amma in ka ƙara ganin abin da ya hi ka, ka hwaɗa muna da wuri."

Da na dawo na fara da ba Inna haƙuri. Na nemi lambar likitanmu da ya tafi Faransa na kira shi na gaya masa kome, har da dalilin da ya sa na zuga shi ya tafi. Ya ce in dinga yi masa bip, wato in buga in katse, duk lokacin da na rikice, zai kira ni. Ya cika alkawari, kuma shawararsa ta ceci mutane da dama. Amma murya a waya ba ta taɓa cikin mara lafiya, shi da kansa ya faɗa. Sai bayan wata shekara guda aka turo mana sabon likita, yaro matashi, na ba shi buro da hannu biyu.

Ban rubuto wannan don in la'anci masu tafiya ba. Na ga abin da ke korar su da idona, kuma har sai hukuma ta gyara shi za su ci gaba da fita. Amma likitan da ke haɗa jaka ya sani cewa kujerarsa ba ta zama babu kowa, wani ne zai hau, kuma mai yiwuwa irina ne a wancan lokaci. Ku kuma ƴan uwana ma'aikatan jinya da aka bari da gari guda a wuyanku, aikinmu mai daraja ne, ba sai mun ari na wani ba. Yau na kusa ritaya, ana yabon hannuna daga Illela har Konni, kuma babu kalmar da nake faɗa da ƙarfin zuciya kamar wannan: ya fi ƙarfina, ku kai shi gaba yanzu.