Tsinken Tsintsiya da Kibiyar Kitso

Ko zan shekara ɗari a duniya, ranar da wutar kuran, wato lantarki, ta kama ɗiyar yayana a zauren gidanmu ba za ta fita daga raina ba. Yau shekara huɗu ke nan, amma har yanzu in kuɗin ƙarfe ya faɗi a siminti, sai gabana ya faɗi tare da shi. Na sha ɗaukar biro in rubuta wannan labari, hannuna yana ƙi.

A Madawa muke. Yayana mai gyaran tele da rediyo ne a bakin tasha, irin mutanen da ba sa iya ganin abu ya mutu su ƙyale shi. Shi ya haɗa wani akwatin wasa da hannunsa. Katako ne ya kai ƙirjin mutum, a ciki akwai tsohuwar tele mai ƙatuwar ƙeya, a gaba maɓallai da ƴar sandar juyawa. Yaro ya jefa dala goma, motoci su fito suna tsere na ƴan mintoci. Amma abin da Yaya ya fi alfahari da shi, ramin jefa kuɗin ne. Wasu ƙananan abubuwa biyu ya ciro daga mataccen injin buga takardu, ya kafa su a bayan ramin suna kallon juna. Ɗaya yana fitar da hasken da idon mutum ba ya gani, ɗayan yana karɓa. Kuɗi na ratsa tsakaninsu hasken ya yanke, sai wasa ya tashi. "Ido" yake ce ma abin.

Ranar da ya fara nuna mini, ya ce, "To ke ƴar lise, mi kinka gane?"

Na ce, "Idon nan bai san kuɗi ba, Yaya. Inuwa kaɗai yake gani."

Ya yi dariya ya ce, "Ruhe bakinki. In yaran tasha sunka ji, ni da ke sai mu ci katako."

Na ji daɗin wannan dariya fiye da yadda ya kamata. Shekarata goma sha bakwai a lokacin, ina lise, wato babbar sakandare, kuma babu abin da nake so kamar a ce na san abu.

Da damina ta kankama, idon ya fara gardama, wani lokaci a jefa kuɗi ya yi shiru. Yaya ya ɗauko akwatin a amalanke ya kawo zaure don ya gyara shi a natse. Wadda ta fi kowa murna ita ce ɗiyarsa ta fari, ƴar shekara bakwai. A tasha ba ta samun wuri, maza sun cika gaban akwatin, in ta matsa su ture ta. Ga shi yanzu a gidansu, amma ba ta da dala goma. Ta yi ta bina tana "Gwaggo, Gwaggo," har na gaji.

Sai na zaro tsinke ɗaya mai kauri daga tsintsiya, na zura a ramin, na ɗan motsa shi. Motoci suka fito. Ta zaro ido tana kallona kamar na yi sihiri. Na ce mata, kuma ina tuna kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "Komi kinka sa, in dai ya tare hasken, zai tashi. Amma kada ki hwaɗa ma kowa ni na nuna miki." Ta ɗora yatsa a baki ta gyaɗa kai.

"Komi" na ce mata. Na san busasshen tsinke ba ya ɗaukar wutar kuran, na san ƙarfe yana ɗauka, mun karanta a aji, har maki mai kyau na samu. Amma wannan rabin ban faɗa mata ba. Bai ma zo mini a rai ba.

Kwana biyu bayan haka aka wayi gari da ruwan sama har hantsi. Ruwa ya shigo zaure ta ƙarƙashin ƙofa, ƙasa ta jiƙe, tsintsiyar da ke jingine ta sha ruwa. Da safen Yaya ya cire robar da ya rufe wayoyin bayan ramin da ita don ya goge idon, sai aka yi masa waya daga tasha, ya fita da sauri bai mayar ba, kuma bai zare wayar wutar akwatin daga bango ba. Uwar yarinyar ta tafi suna garin Galma. Bayan azahar na shimfiɗa tabarma a bakin ɗaki ina yi wa yarinyar tsifa, Inna, mahaifiyarmu, tana daka a gefe. Na kwance rabin kan, sai na ga hadari yana sake haɗowa, na ajiye kibiyar ƙarfen da nake tsifar da ita a tabarma na tashi kwashe shanya.

Daga baya na tsinci tsinkaye uku a gaban akwatin, jiƙaƙƙu, duk sun lanƙwashe. Ashe ta gwada sun ƙi shiga, shi ne ta nemi abu mai ƙarfi, ta dawo ta ɗauki kibiyar.

Ba ta yi kuka ba. Wani sauti na ji kamar na mai shaƙuwa. Na leƙa zaure na gan ta tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, hannunta a manne da kibiyar, jikinta yana karkarwa, rabin gashinta a tsefe. A tele motoci suna ta tsere da kiɗansu. Ni da na yi karatun, na tsaya kawai da zannuwa a hannu. Inna ce, wadda ba ta taɓa taka lakwal, makarantar boko, ba, ta wuce ni da taɓarya a hannu ta kai wa wayar bango duka ɗaya. Wayar ta fizge, tele ta mutu, yarinyar ta zube.

Inna ta ɗauke ta tana salati tana jijjiga ta, ba motsi. Allah ya sa maƙwabciyarmu tana gida ranar, wata Kirista da ke aikin jinya a asibitin mishan. Ta ji ihun Inna ta shigo ko ɗankwali babu. Ta ce, "Inna, aje ta ƙasa, nan wurin busasshe." Ta durƙusa ta ɗora hannu a ƙirjin yarinyar tana dannawa tana ƙirgawa, ta hura mata iska a baki, ta koma dannawa. Ba ta ɗago ba ta ce mini, "Ke, bar tsayuwa. Kira ubanta shi taho da mota." Na kira shi. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san Inna tana addu'a a nata addinin, ita ma matar leɓɓanta suna motsi a nata, har yarinyar ta ja wani dogon numfashi mai ƙara.

A asibitin aka kwantar da ita, tafin hannunta na dama a ƙone. Suka ce sai an sa ido a kan zuciyarta, ba su yi mana alkawarin komi ba. Yaya ya zauna a dakalin waje ya ƙi cin abinci. "Ni na bar shi buɗe," yake ta faɗi. Can kuma ya ce, "Amma mi ya kai ta cusa ƙarhe cikin ramin? Wa ta gani yana yi?" Ina zaune kusa da shi. Na yi shiru. Wuni biyu ina wannan shiru, kuma shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata.

A rana ta uku ta farka sosai har ta sha kunu. Yaya ya tambaye ta a hankali wa ya koya mata. Ta dubi bango ta ce, "Ni kaɗai." Da ya fita kiran mai jinya, ta jawo gefen mayafina da hannunta mai lafiya, ta matso da bakinta kunnena.

"Gwaggo, ban hwaɗa ba."

Yarinyar da na kusa kashewa, ita ce take riƙe mini amana. Ban jira Yaya ya dawo ba, na bi shi baranda na faɗa masa komi, da tsinken, da kalmomin, da alkawarin da na sa ta ɗauka. Na so ya mare ni, da na fi samun sauƙi. Sai ya ce, "Ke kin ba ta rabin sani, ni na bar rabin aiki. Tahi ki ƙarasa mata tsihwar nan, kwana uku kanta haka."

A kan gadon asibiti na ƙarasa, da yatsuna.

Ta rayu, Alhamdu lillahi. Yatsunta biyu ba sa miƙewa, da hagu take rubutu yanzu. Yaya ya sake akwatin gaba ɗaya, idon yana aiki da ƙaramin batir, hanyar kuɗin kuma a lanƙwashe, babu abu miƙaƙƙe da zai kai ciki. Ni kam ban ƙara riƙe kibiyar ƙarfe ba.

Abin da na koya shi ne, in za ka nuna wa yaro yadda abu yake aiki, ka fara da yadda yake kisa, in ba za ka iya ba ka bar shi da rashin saninsa. Kuma duk abin da sai ka ce wa yaro kada ya faɗa wa kowa, to tun farko bai kamata ka nuna masa ba.