Sunan da aka raɗa a Erdington

Mun tashi daga unguwar Hulme ta Manchester da asuba, ni da abokiyar aikina, Inyamura ce haifaffiyar Sabon Garin Kano, Hausarta ta fi tawa zaƙi. Matar ƙaninta ce ta haihu a Birmingham. Ruwa ya yi ta tsuga a hanya, shayin da muka tsaya sha kuwa, tsadarsa ta fi ɗuminsa.

A mota take faɗa min sunayensu magana ce cikakkiya: Nnamdi, "mahaifina yana raye", Ozoemena, "kada ya sake faruwa". Na ce kai, ku ko suna sai kun yi jawabi. Ba ta yi dariya ba.

"Wannan ne ɗansu na huɗu," in ji ta. "Sauran ba wanda ya bar asibiti da rai."

Mun isa unguwarsu, Erdington, da hantsi. Ga jalof, ga miyar agushi, amma gidan shiru kamar ba haihuwa aka yi ba. Kakar yaron, mahaifiyar abokiyata, ta dage sai an sa masa Onwubiko, wato "mutuwa, ki yi haƙuri". Uwar, haifaffiyar nan Ingila, ta ce ba mai liƙa wa ɗanta mutuwa a suna.

Tsohuwar ba ta ja ba. Ta juya kan jaririn, ta nuna min 'yar tsaga a kunnensa na hagu. Abokiyata ta raɗa min cewa tun a ƙauye tsohuwar ta yi wa gawar ɗan da ita kanta ta fara haifa irin wannan alama, don ta gane shi in ya dawo. Mu ɗan wabi muke cewa. A aikina na jinya na ga kunnuwa iri-iri, amma sai da na sake duba wannan.

Can yaron ya yi lamo, har muka daina ganin motsin ƙirjinsa. Uwar ta girgiza shi, ta kira sunan da ta zaɓa, shiru. Sai ta sunkuya, ta ce, "Onwubiko." Ya buɗe ido, ya zuba wa kakarsa.

Mun dawo Manchester da la'asar. Abin da na koyo shi ne, wani sunan roƙo ne, kuma ana jiran amsa. Tun ranar, in wayar abokiyata ta shigo, sai na yi addu'a kafin in ɗauka.