Wayoyin da Suka Bayyana a Shagona

A shekarun farko na shari'a a Zamfara ina da shagon buga takardu kusa da tashar mota a Kaura Namoda. Wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba ƙanena ya dawo hutu daga makaranta da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka.

Ya ce, "Yaya, duk wayar da aka kunna wa bulutut, abin nan da ke haɗa waya da waya ta iska, tana ta faɗin sunanta. Mu ne ba mu ji."

So yake kowace wayar da ke kusa ta fito a kwamfutar kamar fayil, in an buɗe a ga sunanta da ƙarfin siginarta. Mun yi gardama kan wayar da ta yi nisa har aka daina jin ta. Shi ya ce a goge ta, ni na ce a bar ta, a rubuta lokacin da aka ji ta na ƙarshe. Ya bi tawa, ya tsara kwamfutar a haka.

Ranar kasuwar Shinkafi muka gwada. Motar masu zuwa kasuwar ta tsaya a tasharmu, sai fayiloli suka fara fitowa, ba wanda ya taɓa komai. Wata "Sai Haƙuri", wata da Faransanci, da alama ta ɗan Nijar ce. Motar na tashi suka yi shiru. Ashe iskar da nake shaƙa cike take da kiraye-kiraye.

Da la'asar hayaniya ta kaure. Wani dattijon Bafulatani daga wajen Zurmi ya rasa wayarsa, mutane suka zura wa wanda ya zauna kusa da shi a mota ido. A lokacin zargin sata ba abin wasa ba ne. An kira lambar, ba sabis.

Ƙanena ya tambaye shi, "Baffa, wane suna aka sa mata?"

"Ɗana ya sa mata sunan saniyata."

Da ya faɗi sunan saniyar, sai ga shi nan a cikin fayilolin. Ƙanena ya ɗauki kwamfutar yana zagaya motar, siginar na ƙaruwa, har ya tsaya a kan buhun geron dattijon. Aka kwance, ga waya a ciki. Ta faɗa ne sa'ad da dattijon yake ɗaure buhun.

Dattijon ya kama hannun wanda aka zarga ya nemi gafara. Sannan ya daɗe yana kallon buhun, ya ce a hankali, "Daga cikin hatsi take magana. Allah mai iko."

Ni ma don mamaki ban iya komawa aiki ba ranar.